Sule a Tafin Hannu: Koya wa Yara Tarihin Mazan Jiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce, ina koyar da tarihi a aji biyu na ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato. Na ji an ce a Amurka da Kanada ana amfani da sulallan tunawa wajen koya wa yara labarin tsofaffin sojoji. Ina so in yi wani abu irin wannan kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Sai dai mu nan ko sulen kashewa ya ɓace, yawancin ɗalibaina ba su taɓa riƙe shi ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka da alheri, wannan tunani ne mai kyau, kuma kayan aikin suna kusa da ke fiye da yadda kike zato.

Abin da kika ji yana da tushe. A 2004 Kanada ta buga sulen santi 25 mai ɗauke da jan furen nan na tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, shi ne kuma sule mai launi na farko da aka saki a hannun jama'a don kashewa a duniya. Ingila ta buga na fene 50 a 1994, lokacin da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa, a Yaƙin Duniya na Biyu, ta cika shekara 50. Sojojin Amurka kuwa suna da wani sule da ba na kashewa ba ne, kwamanda ke damƙa wa soja shi a cikin musabaha idan ya yi abin yabo. Mu sulallanmu uku da aka fitar a 2007 babu soja a jikinsu: kwabo 50 masara ce, naira ɗaya Herbert Macaulay, naira biyu ginin Majalisar Tarayya. Sojan da ke cikin aljihunmu yana kan takarda ne, wato Janar Murtala Muhammad a naira 20, wadda aka fara bugawa a 1977, shekara ɗaya bayan kashe shi.

To amma kada wannan ya karya miki gwiwa. Amfanin sule a aji shi ne yaro ya riƙe shi, ya ji nauyinsa, ya juya shi, ya yi tambaya da bakinsa. Muna da abubuwa biyu da za su yi wannan aikin: tsohon kwabo mai huji da mindar soja, wato lambar yabo ta ƙarfe.

Ki fara da kwabon. Da wuya ki zaga gidaje goma a cikin gari ba ki sami tsohuwar da ta ajiye shi a ƙasan adaka ba. Ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwabo ɗaya. Su ɗora farar takarda a kai su goga da fensir har zanen ya fito, gaba da baya. Daga nan sai tambayoyi. Sunan wane sarki ne a kewaye? Wace shekara? Me ya kawo rubutun Larabci a kan kuɗin Bature? Za ki ga yadda ajin zai ɗauki hayaniya a kan wannan ta ƙarshe, domin da yawansu za su iya karanta shi. Idan kika dace da kwabon da aka buga tsakanin 1939 da 1945, shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, sai ki ce musu da irin wannan kuɗin ake ciniki a kasuwa lokacin da aka kwashi samarinmu zuwa yaƙin Bama. Ki ƙara musu da anini da ɗari da taro da sisi da sule, kuɗin da naira da kwabo suka maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu, 1973. Yara na jin "ko sisi ba ni da shi" kullum, ba su san sisi kwabo shida ba ne.

Sai kuma minda, a nan ne darasin yake. Dubban 'yan Najeriya sun yi yaƙi da Japanawa a Bama, ƙasar da ake kira Miyanma yanzu, a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta ratsa kwarin kogin Kaladan a 1944, a dajin da mota ba ta shiga, kaya a ka, abinci kuma jirgin sama ke sako shi. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka karɓe garin Myohaung. Shi ya sa har gobe akwai barikin Myohaung da na Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna: sunayen wuraren da aka gwabza ne a can. Hausa ce kuma aka fi yi a tsakanin sojojin Najeriya na wancan zamani, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta.

Wanda ya je can an ba shi Tauraron Bama. Tauraro ne mai tsini shida, ruwan tagulla, ƙyallensa ja a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Ga abin da nake so ki sa yaran su gano da kansu: a yadda Ingila ta raba shi, bayansa sumul yake, babu sunan kowa. Mindar azurfa ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda sojojinmu suka yi a Kamaru da Gabashin Afirka, ana buga suna da lambar soja a bakinta. Ta Bama ba a yi mata haka ba. Mutum ya bar Gwadabawa ko Yabo ko Wurno, ya haye teku, ya sha damina a dajin da bai san sunan itatuwansa ba, ya dawo da ƙarfen da in ya faɗi a hanya ba mai sanin na wane ne. Ni a ganina aikin ajinki ke nan, su mayar wa mindar da sunan mai ita.

Ki tura su gida da tambaya uku kacal: akwai wanda ya taɓa yin soja a gidanmu ko unguwarmu? Ina ya je? Me ya yi bayan ya dawo? Ta ukun ta fi muhimmanci, domin ita ke nuna wa yaro cewa tsohon nan mai gadi ko mai faci a bakin titi yana da tarihi. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu da jikokinsu na nan. Akwai waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma ranar 15 ga Janairun da kike shirya wa ita ce ranar da aka kawo ƙarshensa, shi ya sa Najeriya ta mayar da ranar tunawa da mazan jiya can daga 11 ga Nuwamba. Akwai na Kongo a farkon shekarun 1960, akwai na ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar kansa soja ne da ya kai birgediya janar, ya yi aiki a Saliyo, kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Wannan kaɗai ya isa ya sa yaron Sakkwato ya gyara zama.

Kada a kawo minda makaranta sai da mai ita ko magajinsa. Hoton waya ya wadatar. Kada kuma a goge ta da lemon tsami ko toka don ta yi ƙyalli, ɓata ta ake yi.

Akwai tambayar da za ta zo, ki shirya mata. Barikin sojan garin nan sunansa Giginya, kuma a filin Giginya ne ranar 15 ga Maris, 1903 dakarun Turawa suka fafata da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi shahada a Burmi cikin Yulin wannan shekara. Yawancin masu riƙe da bindiga a ɓangaren Turawa baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu, kuma daga wannan runduna ce ta Bama ta samo asali. Wani yaro mai kaifin basira zai ce, "Malama, to su wane ne mazan jiyan, na Attahiru ko na Bature?" Don Allah kada ki ce masa ya zauna. Ki ce ya juya kwabon da ke hannunsa, ya faɗi abin da ya gani a kowace fuska. Waɗanda suka faɗi a Giginya ba wanda ya buga musu minda, kuma sun cancanci a ambace su a ajin nan. Jikokinsu da suka je Bama, wasu talauci ya kai su, wasu hakimi ne ya ba da sunansu, wasu son ganin duniya, su ma sun sha wuya ta gaske. Ɗan shekara 13 zai iya riƙe duka biyun idan an gaya masa gaskiya. In da hali, ki kai su Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su ga kayan wancan zamani da idonsu.

A mako na ƙarshe kowane yaro ya yi nasa sulen. Yumɓu ya fi, a murza shi kamar faɗin murfin kofi, a zana da tsinke, hunturun Janairu zai busar da shi da wuri. Kwali ma ya yi. A fuska ɗaya sunan sojan da shekarar da inda ya je, da boko ko da ajami. A ɗaya fuskar alama guda da kalmomin da ba su wuce biyar ba. Wannan ƙaidin da gangan ne, domin yaron da aka ce ya taƙaita rayuwar kakansa a kalma biyar sai ya yi tunani sosai. Ba sai an zana fuskar mutum ba, wasu iyayen ba za su so ba, kuma kwabo mai huji da Tauraron Bama duk babu fuska a jikinsu. Wanda bai sami soja a danginsa ba, ya yi wa mutanen Giginya.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: ki bincika a asirce kafin ki fara, ko akwai marayan soja a ajin. Da halin da ake ciki a dazukan gabashin jihar nan da kuma Arewa maso Gabas, da wuya a rasa. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa abin da za a yi, ki bar masa zaɓi. In ya ce zai yi wa mahaifinsa, ki taimaka masa da hannunki, kada kuma a sa shi tsayawa gaban aji sai in shi ya nema.

Ranar 15 ɗin, ki nemi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion su turo muku dattijo ɗaya, da sanin shugaban makaranta. A ba shi kujera da ruwa, a kuma ja wa yara kunne tun da wuri kada wanda ya tambaye shi mutum nawa ya kashe. Su tambaye shi abin da suke ci a daji, da yadda wasiƙa ke isa gida, da sunan abokin da ya fi tunawa. Kafin ya tashi, ajin ya miƙa masa sule ɗaya da aka yi da sunansa.