Katakon falona ya kumbura, ya zan yi?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Mun tare a wani tsohon gida a Yaba, ƙasan falon duk katako ne ƙanana a jere, mai gidan ya ce iroko ne. Kullum da mofa da ruwan Hypo nake goge shi kamar yadda na saba yi wa tayil ɗinmu na Agege, to tunda damina ta kankama wajen ƙofar banɗaki ya kumbura ya yi baƙi, wasu har sun ɗago. Maƙwabciyata ta ce in shafa kalanzir.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kalanzir kam a'a, ki rufa mana asiri, ga wari ga santsi ga hatsarin wuta, kuma in katako ya sha shi ko fanish aka shafa daga baya ba zai kama ba.

Mofar nan ce ta ja miki. Iroko na da juriya sosai, ko gara mai cin katako ba ta cika samun sa'arsa ba, amma katako katako ne, yana shan ruwa ya kumbura, balle a Legas da tun daga Afrilu har Oktoba iskar ma kanta a jiƙe take, kin ga shi da ma a ƙoshe yake sai ke kuma kina ƙara masa bokiti guda kullum. Hypo kuwa cinye fanish ɗin yake. Ki riƙa sharewa da tsintsiya mai laushi, yashin takalmi shi ke karce shi, sannan ki bi da tsumma da kika matse har ba ya ɗiga.

Bakin banɗakin nan ki sa ido, ko fayif ne ke yoyo ta ƙasa ko kuma ƙafar masu alwala ce, a fito ana ɗiga a tsaya nan ana neman silifas. Ki ajiye tawul a wajen amma a riƙa shanya shi, kar ki kuskura ki shimfiɗa leda a kai, rufe danshin za ta yi.

Kar ki yarda kafinta ya kankare shi yanzu. Ki kunna fanka ki bari ya bushe, zuwa hunturu wajen Disamba da yawa za su kwanta da kansu har ki ga ƴar tsaga tsakaninsu, ba komai ba ne. Waɗanda suka ƙi sai a ɓanɓare a sake mannawa, in na canji ne ki ba kafintan guda ɗaya ya je da shi kasuwar katako, kar ya kawo miki wani kala.