Ku Tambayi Baba Fasto: Rigimar 25 Ga Disamba, Fada Kirsimeti Da Fim Ɗin Tsakar Dare

Duk ƙarshen shekara saƙonninku kusan hanya ɗaya suke bi, bana ma haka. Na zaɓi biyar, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Baba Fasto ina gaisuwa. Ni saurayi ne ina cikin ƙungiyar matasa a cocinmu. Abokina ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, mai wa'azin yana cewa Kirsimeti bikin masu bautar rana ne, wai ba 25 ga Disamba aka haifi Yesu ba, kuma bishiyar nan da ake kafawa Irmiya sura 10 ta hana. Tun da na kalla hankalina bai kwanta ba, har ina tunanin bana ba zan yi komai ba. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Ɗana, akwai gaskiya a bakin mutumin nan amma ba duka ba, kuma rabin gaskiya shi ya fi rikita mutum. Eh, Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar ba. Matiyu da Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar, kuma babu wanda ya ambaci wata balle rana. Masu bi na farko hankalinsu yana kan mutuwar Almasihu da tashinsa ne, shi yasa bikin Ista ya girmi Kirsimeti nesa ba kusa ba. Rubutu mafi daɗewa da ya haɗa haihuwar da 25 ga Disamba wata kalandar birnin Roma ce ta shekarar 354, kuma ta nuna tun wajen 336 ana kiyaye ranar a can.

To me yasa wannan ranar? Nan ne masana tarihi suka rabu biyu har gobe. Wasu sun ce ikilisiya ta ɗora bikinta ne a kan bikin allahn rana, wanda sarki Aureliyan ya gina wa haikali a 274. Wasu kuma sun ce lissafi ne kawai, tun da wuri masu bi sun ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da Maryamu ta ɗauki ciki, ka ƙirga wata tara kaga inda zaka sauka. Abin da masu irin wannan bidiyon basa faɗa shine, bikin allahn ranan na 25 ga Disamba ma a waccan kalandar ta 354 ɗin aka fara ganinsa a rubuce, don haka ba a tabbatar da wanda ya riga wani ba yadda suke faɗa da ƙarfin murya. Kuma ba kowa ke yi ranar 25 ɗin ba, ikilisiyar Armeniya 6 ga Janairu take yi, Kibɗawan Masar da 'yan'uwanmu na Habasha 7 ga Janairu saboda tsohuwar kalandarsu.

Gardamar kuma ba yau aka fara ba. A 1647 majalisar Ingila ta soke bikin Kirsimeti gaba ɗaya, kuma Kiristoci ne masu tsauri suka yi hakan ba wasu ba, hujjarsu babu shi a Littafi kuma mutane sun mai da shi lokacin buguwa. A Masacusets ta Amurka daga 1659 zuwa 1681 wanda aka kama yana bikin tarar sule biyar zai biya.

Batun Irmiya kam, don Allah ka buɗe ka karanta da kanka har aya ta 5, kar ka tsaya inda mai bidiyo ya tsaya. Itacen da ake magana masassaƙi ne ya sassaƙa shi, aka dalaye shi da azurfa da zinariya, baya magana, sai an ɗauke shi domin baya iya tafiya, annabin yana cewa kar a ji tsoronsa. Gunki kenan. Irmiya ya rayu wajen shekara 600 kafin Almasihu, al'adar bishiyar kuwa daga ƙasar Jamus ta taso a ƙarni na 16, ta bazu sosai ne bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da yaransu kewaye da ita a 1848. In kaga wani yana durƙusa wa bishiyarsa yana roƙonta, sai ka zo mu je mu same shi tare.

Bulus ya riga ya raba wannan faɗan a Romawa 14:5-6, mai girmama wata rana don Ubangiji yake yi, wanda duk ranaku ɗaya ne a wurinsa shi ma ya tsaya da tabbaci a zuciyarsa. In ka yi biki baka yi zunubi ba, in ka bari ma haka, sharaɗi ɗaya kar ka zama alƙalin waɗanda suka yi. Ni dai in kana neman gunki a Kirsimeti na yau ba a bishiya zaka same shi ba, ka duba bashin da mutane ke ci a Disamba don kar maƙwabci ya fi su, su shiga Janairu suna ɓuya wa masu binsu.

Tambaya: Baba, ɗana mai shekara shida ya tsare ni jiya wai da gaske akwai Fada Kirsimeti? Nace masa bari in gama aiki tukuna. Babansa yace in bar yaro yaji daɗin yarintarsa, ni kuma ina ganin kamar ƙarya muke masa. Ya zan yi?

Amsa: 'Yata, kin yi dabara da kika sayi lokaci, amma zai dawo fa, yara basa manta irin wannan.

Abin daɗin shine kina da labarin gaskiya da zaki bashi wanda ya fi na tatsuniyar daɗi. An yi wani mutum Nikolas, bishop ne a garin Mira, a ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Ana ba da labarin wani talaka a garin mai 'ya'ya mata uku, bashi da dukiyar da zai aurar da su kamar yadda al'adarsu ta nema, har abin yana neman kai su ga mummunar rayuwa. Nikolas ya bari dare ya yi, ya lallaɓa ya jefa ƙunshin zinariya ta taga ya gudu. Aka aurar da ta fari. Ya sake yi wa ta biyu. A karo na uku uban ya ƙi barci ya yi kwanto, yana jin ƙarar faɗuwar ƙunshin ya fita a guje ya kama shi, Nikolas ya roƙe shi kar ya faɗa wa kowa. Kinga Matiyu 6:3-4 kenan, hannun hagu kar ya san abin da na dama ke yi. Ana tunawa da shi kowace 6 ga Disamba, mutanen Holan suka daɗe suna ba yara kyauta da sunansa, daga baya a birnin Niyok ta Amurka aka sake masa fasali ya zama Fada Kirsimeti. Tsohon nan mai tumbi da farin gemu, zane-zanen Tomas Nast tun shekarun 1860 suka fara gyara kamanninsa, sannan tallan Coca-Cola da aka fara a 1931 ya kai shi ko'ina a duniya.

Ra'ayina, wasa wasa ne, yaro ya ɗauki hoto da mai jan kaya babu laifi. Amma ranar da ya kalli idonki ya tambaya da gaske, wasa ya ƙare, ki faɗa masa gaskiya. Ke ce fa zaki ce masa akwai Allah da baya gani, kina so maganarki ta kasance da nauyi a ranar. Akwai kuma wani abu da ke damuna a tatsuniyar Fada Kirsimetin, wai yaran kirki ne kaɗai ke samun kyauta. Yaron da iyayensa basu da hali ya wayi gari bai samu komai ba, ɗan masu kuɗi mai rashin ji ya samu keke, me kike so ya fahimta game da kansa? Bishara kuma akasin haka take koyarwa, kyautar ta zo ne ga waɗanda basu cancanta ba. Ki zauna da babansa ku daidaita baki tukuna, kar yaro yaji magana biyu. Bayan nan ki bar shi ya naɗe wani abu da hannunsa ku kai wa wani yaro a ɓoye. Ki kuma ja masa kunne kar ya je makaranta ya fasa wa abokansa, wannan aikin iyayensu ne.

Tambaya: Baba Fasto ni 'yar kwaya ce a coci, amma gaskiya ina son kallon finafinai masu dogon zango da jin waƙoƙin da ba na coci ba. Wata a cikinmu tace duk mai yin haka bai tuba ba tukuna. Ni ban ga abin da suka rage min ba.

Amsa: 'Yata, ƙawarki ta yi saurin yanke hukunci, ke kuma kin yi saurin wanke kanki.

Da Bulus ya tsaya gaban mutanen Atina a Ayyukan Manzanni 17:28, baitin mawaƙansu na Girka ya jawo ya kafa hujja da shi, kuma ya sake yin haka a Titus 1:12. Mutum baya kawo baitin da bai taɓa ji ba. Littafi Mai Tsarki kansa cike yake da kisa da cin amana da zina, ki karanta Littafin Mahukunta ko labarin Dawuda da Batsheba, sannan akwai littafi guda cur na waƙar soyayya. Don haka ba wai an nuna mugunta a fim ne matsalar ba. Tambayar ita ce ya aka nuna ta. Labarin Dawuda ya nuna zunubin ya kuma nuna kuɗin da aka biya, gidansa bai sake zama lafiya ba. Wani fim ɗin kuwa zai jera miki abu ɗaya amma an shafa masa mai, har ki tsinci kanki kina addu'a a zuci kar matar gida ta kama mijinta da farkarsa. In kin kai nan, an riga an yi aiki a kanki baki sani ba. Haka waƙa, ki cire kiɗan ki rubuta kalmomin a takarda ki karanta da ƙarfi, in zaki iya karantawa gaban mahaifiyarki shikenan.

Amma abin da na fi jin tsoro ba shi bane, lokaci ne. Daren Asabar ƙarfe ɗaya, kashi ya ƙare daidai inda aka ɗaga bindiga, kafin ki miƙa hannu ki kashe har na gaba ya fara da kansa, kice wannan ne na ƙarshe, sai ga ƙarfe uku. Da safe kina tsaye a kwaya baki yana waƙa ido yana rufewa. Ba haɗari bane, haka aka ƙera manhajar kallon, a 2017 shugaban Netflix na lokacin Reed Hastings ya faɗa da bakinsa cewa da barci suke gasa. 1 Korintiyawa 6:12 tace ko abu halal ne kar ya mallake ki. Ki gwada sati guda babu kallo, in abin ya zo da sauƙi to ki ci gaba da tacewa da Filibiyawa 4:8, in kuma kin kasa kin samu amsar da ba ni na baki ba.

Tambaya: Baba muna zaune a Amurka da iyali. Ƙarshen Oktoba makarantar yara ta yi bikin Halowin, na hana nawa zuwa, suka yi ta kuka. Na kyauta kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, bikin nan gauraye ne. Jajiberin ranar tunawa da dukan tsarkaka ne, 1 ga Nuwamba, wadda ikilisiyar Yamma ke kiyayewa tun wajen ƙarni na 8, ya kuma faɗo lokaci ɗaya da tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan, baƙi daga Ayalan da Sikotlan ne suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba da sihiri da neman magana da matattu, wannan babu sassauci ko da sunan wasa ne. Yarinya ta sa kayan likita ta karɓi alewa a ƙofar maƙwabta kuwa, ni ban ga ta shiga ƙarƙashin ayar ba. In lamirinka bai yarda ba ka tsaya a kan hakan, kai ne uba. Inda zan ɗan ja kunnenka shine hani babu bayani. Baɗi ka zaunar da su tun da wuri ka faɗa musu dalili, ka shirya musu wani abin a daren, coci-coci da yawa a can suna yin taron yara, wasu kuma suna tuna ranar ce Martin Luta ya fitar da batutuwansa 95 na neman gyara a ikilisiya a 1517.

Tambaya: Ni malamar makarantar Lahadi ce, muna shirin wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, yara biyar suna rigima kowa shi zai zama cikin sarakuna uku.

Amsa: Malama, ki ba su duka biyar ɗin. Matiyu 2 bai ce su uku bane, bai ma ce sarakuna bane, masana taurari ne daga gabas, kyautar ce iri uku, zinariya da lubban da mur, wasu ikilisiyoyin Gabas ma su 12 suke ƙirgawa. Kuma a gida suka sami yaron ba a wurin dabbobi ba, don haka in kina son bin nassi ki bar makiyaya su fita tukuna sannan su shigo. Biyu su riƙe akwati ɗaya, wasu biyun ma haka, ƙaramin cikinsu ki bashi na zinariya shi kaɗai, sai dai kar ki sa komai mai fashewa a ciki.