Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Cigiyar Fim Ɗin Camp de Thiaroye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani abokina mai tara tsofaffin finafinai ya daɗe yana cigiyar faifan wani fim na yaƙi mai suna Camp de Thiaroye, ni kuwa ban taɓa jin sunansa ba. Mene ne labarinsa, kuma me ya sa masu tara irin waɗannan kaya suke ɗokinsa?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Wa'alaikumus salam, malam. Ousmane Sembène na Senegal ne ya shirya fim ɗin tare da Thierno Faty Sow. Ya fito a 1988, kuma a shekarar ya ci kyautar alƙalai ta musamman a bikin finafinai na Venis. Labarinsa ba ƙirƙira ba ne. A ƙarshen 1944 aka dawo da sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, aka sauke su a barikin Thiaroye kusa da Dakar, kuma da suka nemi a biya su bashin albashinsu, sai aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba. Hukumar sojan Faransa ta ce mutum 35 ne suka mutu, amma masana tarihi da dama suna ganin sun kai ɗaruruwa. Ko da yake ana laƙaba wa rundunar sunan Senegal, daga dukan ƙasashen rainon Faransa na yankin ake ɗebo sojojinta, har da Nijar.

Ƙarancinsa ne ya ɗaga darajarsa. Fim ɗin ya shafe kusan shekara goma ba a haska shi a gidajen sinima na Faransa ba, alhali a lokacin ta can ne akasarin finafinan tsoffin ƙasashen rainonta suke samun kasuwa, saboda haka kasakasansa da fayafayansa na asali ba su yaɗu ba, balle fastocin tallarsa na farko, waɗanda a ganina su ne kayan ajiya na gaske.

An gyara hotonsa da sautinsa, aka nuna shi a bikin finafinai na Kan da ke Faransa a 2024. Idan kallo abokinka yake so, ya nemi wannan gyararren bugu. Idan kuwa ajiya ce, ya duba sunan kamfanin da ya buga faifan da ingancin kwalinsa kafin ya biya, domin na jabu da aka kwafo daga intanet ba shi da wata daraja a wurin masu tarawa, kaset kuma zafi da ƙura suna saurin lalata shi.