Takalmin soja mara nauyi: me ake dubawa kafin a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, aikina na yawo ne, kusan wuni nake yi a tsaye ko a kan tafiya, wani lokaci a kwalta, wani lokaci a hanyar tsakuwa da ciyayi. Kambas ba ya yi mini ƙarko. Na taɓa sayen but irin na sojoji, na fata zalla, amma nauyinsa ya gallabe ni, ga zafi, ga bororo a dunduniya, har na tura shi ƙarƙashin gado. Yanzu ina ganin wasu marasa nauyi masu haɗin fata da yadi. Me zan duba kafin in saya? Kuma wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa, shi ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwa uku ka kawo, nauyi da zafi da bororo, kuma kowanne da tushensa daban. Sauya takalmi zuwa mara nauyi, nauyin kawai zai magance maka. Zafi daga irin kayan da aka yi saman takalmin yake, bororo kuwa daga rashin zama daidai da ƙafa.

Nauyin dai gaskiyarka ce. But na fata zalla yakan kai gram 800 zuwa kilo ɗaya kowace ƙafa, marasa nauyin na yanzu kuwa suna tsakanin gram 400 da 550 a lamba 42 ko 43. Bambancin ba ƙarami ba ne, don kowane taku sai ka ɗaga shi. Bincike da aka yi a shekarun 1980 ya nuna nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa da aka goya a baya. Sai dai ka lura da abu biyu. Wasu masu sayarwa nauyin ƙafa ɗaya suke rubutawa, wasu na biyu, don haka ka tabbatar da wanne ake nufi. Sannan idan ka ga dogon but ya gaza gram 400, ka tambayi kanka me aka cire. Yawanci robar ƙasa aka sirantar, ko aka rage taurin mazaunin dunduniya. Irin wannan kambas ne mai dogon wuya, kuma yadda kambas ya yi maka haka zai yi maka.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Takalmi mai gram 600 da ya zauna a ƙafarka ya fi mai gram 450 da dunduniya ke rawa a cikinsa. Bororo gugar fata ce ke kawo shi: dunduniya tana hawa tana sauka a cikin takalmi, gumi ya tausasa fatar, bayan taku dubu biyu uku sai ruwa ya taru. Saboda haka gwaji shi ne rabin sayen.

Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar wuni, kuma da irin safar da za ka riƙa sawa da shi. Ka gwada ƙafa biyun, don da wuya su zo daidai, babbar ake yi wa awo. Fara zaro shimfiɗar ciki, ka ajiye ta a ƙasa, ka taka ta a tsaye. Ya kamata a samu tazarar santimita 1 zuwa 1.5, kamar faɗin babban yatsan hannu, tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin shimfiɗar. Idan gefen ƙafarka ya zarce gefen shimfiɗar ya sauka ƙasa, takalmin ya yi maka ƙunci, kuma ƙara lamba ba zai gyara ba, mai faɗi za ka nema. A awon Amurka na maza, D shi ne faɗin da aka saba, EE mai faɗi. Bayan haka ka mayar da shimfiɗar, ka sa ƙafa ba tare da ɗaure igiya ba, ka tura yatsu gaba har su taɓa baki. Yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan dunduniya, ba biyu ba.

Sai ka ɗaure sosai, ka yi tafiya ta minti goma aƙalla. Hau matakala ka sauko. Wajen hawa ka saurari dunduniya: ɗan motsi kaɗan, kamar rabin santimita, ba laifi a sabon takalmi, wanda ya wuce haka bororo ne ke jiranka. Wajen saukowa ka saurari yatsu: idan suna dukan gaban takalmin, a gangara farce zai yi baƙi. Ka kuma tsuguna ka ga inda takalmin ke lanƙwashewa. Ya dace ya lanƙwashe daidai gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwashewa da kanta. Kada ka yarda da zancen “zai buɗe”. Fata tana ɗan saki a faɗi, ba ta ƙara tsawo, nailan kuwa yadda ka saye shi haka zai mutu. Lambar ma ba abin dogaro ba ce sosai. Tsakanin lamba da lamba a awon Turai milimita 6.7 ne, a na Ingila da Amurka kusan 8.5, ga shi kowane kamfani da irin ƙirarsa. Idan ta intanet za ka saya, ka taka takarda, ka zana ƙafarka, ka auna tsawonta da milimita, ka gwada da jadawalin kamfanin.

Yanzu zafi. Haɗin fata da yadi da kake gani ba sabon abu ba ne. Sojojin Amurka sun yi amfani da shi a dazukan Biyetnam, inda but na fata zalla ke ruɓewa, har aka yi masa ƙananan huda biyu a gefen ciki don ruwa ya tsiyaye. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka yi irinsa na hamada, aka toshe hudar saboda rairayi, aka yi shi da fata mai kaushi ruwan ƙasa. Yawancin marasa nauyin da ke kasuwa jikokin waɗannan biyun ne. Abin da za ka nema shi ne fatar gaske a gaba da dunduniya da layin igiya, inda ake samun gogayya, sai yadin nailan mai kauri a wuya da gefe don iska. Yadin nailan na Cordura mai lamba 1000 ita ce aka fi sani da ƙarko. Ka dubi bakin fatar inda aka yanka ta. Ta gaske za ka ga zare-zaren nama a jikinta, ta jabu kuwa yadi ne aka shafa wa roba a sama, kyan ɗan maciji, tana fara lanƙwashewa take tsagewa tana ɓarewa. Harshen takalmin kuma ya kasance an ɗinke gefensa da jikin takalmin har sama, in ba haka ba tsakuwa da ƙaiƙayin ciyawa za su riƙa shiga.

Batun wanda ruwa ba ya shiga, amsarmu ita ce ba lallai ya fi ba, kuma ga mai kukan zafi irinka galibi bai fi ba. Wani siririn tantani ake sawa tsakanin fata da yadin ciki, wanda aka fi sani shi ne Gore-Tex. Yana hana ɗigon ruwa shiga, yana barin tururin gumi ya fita, amma fitar tana tafiya daidai ne idan waje ya fi ciki sanyi da bushewa. A yanayin zafi da laima sai ƙafa ta kwana cikin guminta. Kuma ranar da ruwa ya shiga ta sama, tantanin da ya hana shi shiga shi zai hana shi fita, sai takalmin ya yi kwana biyu bai bushe ba. Mai tantani na wanda ke yawo cikin sanyi, raɓa da yayyafi ne. Idan zafi ya fi yawa a inda kake aiki, ɗauki mara tantani, wanda zai jiƙe da wuri ya bushe da wuri.

Ƙasan takalmin hawa uku ne: shimfiɗar ciki, soson tsakiya, sai robar da ke taka ƙasa. Soson tsakiya shi ke yanke hukuncin nauyi da taushi. Da roba mai kumfa iri biyu ake yin sa, EVA da PU. Na EVA ba shi da nauyi, yana da laushi tun ranar farko, amma yana danƙarewa da amfani, bayan wani lokaci ka ji kamar katako kake takawa. Na PU ya fi nauyi da tauri, ya fi daɗewa bai danƙare ba, sai dai yana da wata cuta: idan aka ajiye shi shekaru ba a sawa, laimar iska tana cinye shi daga ciki. Takalmi ya fito daga kwali fes, a yi tafiyar awa ɗaya ƙasan ya marmashe kamar busasshiyar ƙasa. Shi ya sa tsohon ajiya na rarar kayan soja yake buƙatar taka-tsantsan. Ka duba shekarar ƙira a jikin harshe idan an rubuta, ka danna soson da farce. Idan ya tsage ko ya yi danƙo, bar shi. Ga mai wuni a kwalta EVA ya fi daɗi, ga mai ɗaukar kaya a kan duwatsu PU ya fi.

Robar ƙasa kuwa, haƙora masu zurfin milimita 4 zuwa 5 sun ishi hanyar da ka kwatanta. Manyan haƙora masu tazara, irin ƙirar da ake kira Panama, don taɓo aka yi su, suna zubar da laka da kansu, amma a jiƙaƙƙen siminti ko tayil santsi gare su. Sunan Vibram, kamfanin Italiya da ke yin robar ƙasa tun 1937, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma yana da mai tauri da mai laushi. Ga gwaji mai sauƙi: riƙe gaba da dunduniya, ka murɗa kamar kana matse wanki. Ya ɗan bijire maka. Idan ya murɗu kamar tsumma, ba abin da zai tare maka tsakuwa a tsakiyar tafin ƙafa. Ka matsa mazaunin dunduniya da yatsu biyu, shi ma ya yi tauri. Ka bi layin gam da ido, ko'ina a manne ba giɓi. Galibin marasa nauyi da gam ake haɗa su, ba ɗinki ba, don haka sauya musu ƙasa yana da wuya. Wannan na cikin abin da ake biya a madadin rashin nauyi.

Tsawon wuyan takalmi ba ya buƙatar dogon tunani. Dokar tufafin sojan ƙasa na Amurka ta ce inci 8 zuwa 10, kai kuwa ba ta hau kanka ba. Inci 6 ya fi sauƙin tafiya da tuƙi, inci 8 ya fi kare ƙwauri daga ƙaya da ciyawa. Zik na gefe yana sauƙaƙa cirewa, amma shi ke fara lalacewa, kuma ta nan ruwa ke shiga. Ƙarfen da ake sawa a gaban takalmi, idan ba kaya masu nauyi ke iya faɗo maka a ƙafa ba, nauyi ne na banza. Wani abu kuma a gefe: wasu ƙasashe sun hana farar hula sa kaya masu zanen kakin soja, don haka launi ɗaya, baƙi ko ruwan ƙasa, ya fi kwanciyar hankali.

Safar auduga ita ce abokiyar bororo, tana shan gumi ta riƙe. Nemi ta ulu mara kauri ko ta zaren roba mai saurin bushewa, kuma a doguwar rana ka sauya da tsakar rana. Wajen ɗauri, ka sassauta a kan yatsu, ka matse a lanƙwasar idon sawu. A daidai nan ka nannaɗe igiyoyin biyu da juna sau biyu kafin ka ci gaba zuwa sama, wannan ke kafe dunduniya a mazauninta. Sabon takalmi kada ka fita wuni da shi ranar farko, sai ka gwammace kiɗa da karatu. Awa ɗaya ko biyu a gida, kana ƙarawa kullum har mako ɗaya ko biyu. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai tara ruwa ba.

Idan ya jiƙe, zaro shimfiɗar, ka cusa tsohuwar jarida, ka ajiye a inuwa mai iska. Wuta da rana mai ƙuna suna sakin gam, suna busar da fata ta tsage. Fata mai kaushi buroshi take so, ba man takalmi ba, man yana toshe ta ya hana iska. Lokaci-lokaci ka ɗora takalmin a kan tebur ka dube shi ta baya. Idan ya karkata gefe ɗaya, ko soson tsakiya ya yi tamoji masu zurfi da ba sa miƙewa, aikinsa ya ƙare ko da samansa na nan kamar sabo, kuma ciwon gwiwa ko na dunduniya da ka fara ji da yamma mai yiwuwa daga nan yake.