Ko akwai dokar da ta hana 'yan kwangila zuba kuɗi a kamfe?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai abin da ya hana kamfanoni sayen ɗan takara da kuɗi. Dokar tana nan, bin ta ne babu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta haramta wa kamfani bai wa jam'iyya gudummawa kwata-kwata. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma, a lokacin da aka kafa ta, ta sa iyaka: mai neman gwamna kada ya kashe sama da naira biliyan 1, kuma mai ba ɗan takara gudummawa kada ya wuce miliyan 50.

To amma wa ke ƙirgawa? Ɗan kwangila ba ya rubuta cek da sunan kamfaninsa. Tirelar taki zai aiko, da babura, da atamfa mai hoton ɗan takara, a raba a ƙofar gidan jagoran mazaɓa da daddare, ba rasit ba shaida. Bayan rantsuwa sai ka ji shi aka ba aikin kwalbatin garinku, damina ɗaya ruwa ya tafi da ita.

A ganina ƙara sabuwar doka ɓata lokaci ne. A tilasta wa hukumar zaɓe ta INEC ta riƙa wallafa sunayen masu ba da kuɗin tun kafin ranar zaɓe, a karanta a rediyo da Hausa.