Kan maganar rushe zaure da ɗora bene

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce kana so ka rushe zauren gidanmu ka fitar da shaguna, ka kuma ɗora bene a sashen marigayi mahaifinka, kana tambaya ko sai ka nemi izinin wani, tunda kuɗinka ne.

Sai ka nema mana. Tun rasuwar kakanku ba a raba gidan nan ba, zama kawai ake yi cikin mutunci. Sashen da mahaifinka ya zauna ba mallakinsa ba ne shi kaɗai. Gwaggonninka da ke gidajen aurensu suna da haƙƙi a kowane taku na ƙasar, ko da yake rabon mace rabin na namiji ne. In ka zuba dukiya a kan abin da ba a raba ba, ranar rabo kai za ka ce a biya ka gininka, su kuma su ce wa ya aike ka? Daga nan sai gaban alƙali. Don haka a tara mu, maza da mata, a kira liman da mai unguwa, a rubuta: abin da za ka kashe kyauta ne, ko bashi ne a kan gidan, ko kuwa a fitar muku da rabonku tukuna.

Zaure kam ban yarda ba. Nan aka ɗaura auren ubanka, nan muka karɓi gaisuwarsa, nan ne iyakar baƙo namiji. In ya zama shago, mai sayen ashana ma sai ya hango matan gida.

Bene ba laifi, amma kada taga ta leƙa tsakar gidan maƙwabta, kada indararonka ya zuba musu ruwa. Ka faɗa musu da bakinka kafin a sauke yashi, ka kuma karɓi takardar izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Bangon tubalin nan azara aka yi shi ya ɗauka, ba kankare ba, sai an haƙa sabon harsashi. Ragowar bangon ƙasa kuma kada magina su ruɗe ka a shafe shi da siminti; danshi yake tarawa ya ɓamɓare. A yi yaɓe, a bi da makuba.

Ka bari damina ta wuce. Kafin nan ka fara zuwa wajen Gwaggo Babba, kada ta ji a bakin leburori.

Baffanka.