Ɗiyata tana son adabi, malamai sun tura ta kimiyya

Tambaya: Malam, ɗiyata ta ci jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a nan Tawa, kuma an tura ta ajin seconde C, wato sashen kimiyya a shekarar farko ta babbar sakandare, saboda makinta na lissafi ya yi kyau, amma ita ta fi son rubuta waƙa da labari, tana roƙona in maida ta A, sashen adabi. Ƴan'uwa suna cewa A wurin waɗanda lissafi ya kayar ne. Shin kimiyya da adabi ba sa zama a kai ɗaya?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yarinyar albarka. Rabon da ake yi tsakanin A ta adabi da C da D na kimiyya tsari ne na makaranta da muka gada daga Faransa, an yi shi domin sauƙaƙa jadawalin darussa da jarrabawar bak ta kammala sakandare, kuma bai kamata a ɗauke shi tamkar hukunci kan basirar yaro ba. Abin da ya ɓata shi a wurinmu shi ne yadda makin lissafi kusan shi kaɗai yake yanke hukunci, har mutane suka ɗauka cewa A ragowa ce, alhali daga can ne alƙalai da lauyoyi da ƴan jarida da masana tarihi da yawa suke fitowa.

Ku duba mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992. Abdou Moumouni Dioffo masanin kimiyyar fizik ne wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin hasken rana, amma a 1964 ya wallafa littafi kan tarbiyya da ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara cikin harsunansu na gida. Da bai iya riƙe alƙalami ba, da wannan tunani ya tsaya a cikinsa.

Misalin da ya fi kusa da ku yana cikin jiharku ta Tawa. Masallacin Juma'a na Yama, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maginin da zai tayar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da ƙasa da itace dole ne ya san nauyin da kowace azara za ta ɗauka, ya san yawan ruwa da ciyawar da zai kwaɓa ƙasar da su don kada ta tsage idan ta bushe, sannan da wannan hannun ne zai zana adon da ke sa baƙo ya tsaya yana kallo. Babu wanda zai iya nuna inda lissafinsa ya ƙare, fasaharsa ta fara. Haka kuma Mariam Issoufou Kamara ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine, kuma ita da Yasaman Esmaili suka tsara cibiyar Hikma ta Dandaji, inda aka maida tsohon masallaci ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa.

Sai dai akwai gaskiyar da ban so in ɓoye muku ba, wato ƙofofin ba su da faɗi ɗaya. Mai bak C ko D yana iya shiga sashen adabi ko shari'a idan ya so, amma mai bak A da wuya ƙwarai ya samu shiga karatun likita ko injiniya. Ga shi kuma ɗan C yana yin Faransanci da tarihi, yana yin falsafa a ajin ƙarshe, illa dai nauyinsu a jarrabawa bai kai na lissafi ba.

Saboda haka shawarata ita ce, tun da lissafi bai gagare ta ba, ta yi wannan shekara a C, ku kuma ku daina kallon rubutunta a matsayin ɓata lokaci: ku saya mata littattafai, ku bar ta ta shiga ƙungiyar adabi ko ta wasan kwaikwayo idan makarantarsu tana da ita. Idan shekara ta ƙare kuka ga makinta yana sauka, ko tana zuwa aji ba da son ranta ba, ku je tare da ita wurin shugaban makaranta ku nemi a sauya mata zuwa première A, wato aji na gaba a sashen adabi, domin komawa daga C zuwa A ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan komawa daga A zuwa C.